Kaskar Don Anacleto

Mijin yayata, Don Anacleto, bai taɓa ganin abu ya bar shi bai liƙa masa sunansa ba. 'Ya'yansa maza duk Anacleto ne, shagon gidan ma Anacleto, har ƙaramin alfadarinsa Cleto ake ce masa. Yayata Herminia ce ke tsare shagon, ita ke noman masarar. Shi aikinsa ya murza gashin baki, ya ja alfadarai kan dutse idan masu binciken tsirrai da ƙwari sun zo daga Quito, babban birni.

Abin da ke ci masa rai gadar garinmu ce, don sunan marigayi Don Fulgencio ke jikinta. Kullum ya haye ta sai ya yi tsaki. Tsoronsa ɗaya, ya mutu a manta da shi a ci gaba da ambaton Fulgencio.

A bakin Doctora Yépez, wata mai bincike da yake ɗaukar wa kaya, ya ji cewa wanda ya gano sabuwar halitta shi ke raɗa mata suna da Latin, duniya duka ta bi. Daga ranar ya hana baiwar Allah sakat. Ya tsinko wani fure a daji, ya sa Herminia ta gasa duk cuy, wato ɓerayen Masar, da take kiwo, ta dama chicha, giyar masara, ya tara gari wai bikin suna. Doctora ta duba furen sau ɗaya.

"Don Anacleto, wannan yana da suna tun kakanka bai yi wayo ba."

"To a canza mana! Ai mu ma nan ba haka muke kiransa ba."

"Abin da ake gudu ke nan. Ku kuna cewa takalmin Budurwa, ƙetaren kogi suna cewa kunnen biri, a Peru wani abu daban. In zan gaya wa ɗan Japan, wanne zan ɗauka? Halitta ɗaya, suna ɗaya, kuma na farko shi ke zama."

Da wani ne, da kunya ta kashe shi. Shi kuwa idonsa ya yi haske, don gada tana iya rushewa, wannan suna kuwa ba ya gogewa. Ya ja matar nan har coci gaban gunkin waliyyi San Isidro, ya sa ta yi alkawarin sabon abu na farko da ta samu sunansa za ta sa masa.

"Ko mene ne?" in ji ta.

"Ko mene ne, Doctora!"

Da ta samu, sai da ta aiko a tambaye shi ko yana so ya ga abin tukuna. Ya ce a gaya mata ta daina ɓata masa lokaci.

Kaska ce. A kunnen Cleto ta ciro ta bayan sun sauko daga daji, kuma babu wanda ya taɓa bayyana irinta. Aka buga ta a littafin masana da anacletoi, wato ta Anacleto da Latin, a ƙarshen sunanta. Ya sa kwat ɗin aurensa ya tafi Quito wai a janye sunan, aka ba shi kofi ya sha, aka maimaita masa cewa na farko shi ke zama. Ya dawo ya tarar masu awaki suna yi masa sallama: "Don Anacleto, mun ciro 'yan'uwanka jiya, duk sun ƙoshi!"

Bara ya mutu. Gadar ma ruwa ya tafi da ita, sabuwar ba ta da sunan kowa. Ɗalibai kuwa har yanzu suna zuwa suna tambayar gidan mai kaska.

Ran nan wata ɗaliba ta tambayi Herminia ko abin ya ɓata mata rai. Yayata ta dubi hannuwanta da suka tsage da aiki, na ji tausayinta.

"Ɓacin ran me, 'yata? Tun ina yarinya yake maƙale a jikina yana tsotsa. Doctora ce kaɗai ta taɓa kiransa da sunansa."