Jitar da Ba Ta Kuka

Shekarun baya, za su kai bakwai in lissafina bai ɓata ba, na shiga Kasuwar Jalingo ni kaɗai na sayo wa maigidana jita ta lantarki. Ni da ko sunana aka rubuta a bango sai in wuce shi ban gaishe shi ba. 'Yata ta fari ce ke rubuta wannan a wayarta, ni nawa baki ne kawai. Ta ce mutane za su karanta. Na ce to su karanta, ko nauyin ya ɗan ragu mini.

Maigidana masinja ne a sakatariya har ya yi ritaya, amma a unguwarmu ta Nukkai ba wanda ya san shi da wannan. Mai jita ake ce masa. Ya fi shekara talatin yana kaɗa wa mawaƙan cocinmu da wata tsohuwar jita ta katako, mai rami a ciki, wadda ya zo da ita daga Lau. Da ita ya nemi aurena. Akwai waƙar da ya haɗa mini a lokacin, rabi da yarensu rabi da Hausa, kalmominta ba su da yawa. Daɗinta yana wuri ɗaya ne, inda yake tura tsirkiya sama da yatsun hagunsa, sai sautin ya lanƙwashe, ya hau, ya sauko yana rawa kamar muryar matan ƙauyenmu in suna raka amarya. Mahaifiyata ta rantse ba zan auri makaɗi ba. Ranar da ta ji wurin nan sai ta tashi ta shiga ɗaki, washegari ta ce a gaya wa mutanensa su zo.

Bayan ritayarsa hawan jini ya kayar da shi, ɓarin hagu ya shanye. Allah ya taimaka ya tashi, yana tafiya da sanda, hannun yana buɗewa yana rufewa, amma ƙarfi ya tafi. Bakin ma ya karkace, magana sai ɗaya-ɗaya, kowace kalma sai ya yi dambe da ita kafin ta fito. Tsohuwar jitar ta gagare shi, domin tsirkiyarta tauri gare ta. Ya kan ɗora ta a cinya ya yi ta kallonta, ni kuma in tsiri wanke-wanken da babu shi don kada in gani.

Abokinsa, wanda ke buga ganga a cocin, shi ya ce ta lantarki tsirkiyarta laushi ce, taɓawa kaɗan take so. Yaranmu suka haɗa kuɗi suka aiko. Aka shirya abokin nan zai raka ni kasuwa, sai yankan shinkafa ya kira shi Lau, ya ce in jira shi sati uku. Bikin godiyar kaka na coci kuwa ya matso, kuma na ƙudura a raina a ranar maigidana zai tsaya gaban jama'a ya kaɗa waƙata. Na ce ba zan jira ba. Macen da ta yi shekara arba'in tana zaɓen doya da busasshen kifi ba a taɓa cutarta ba, jita ce za ta gagare ta?

Da na ɗaura gyale na tambaye shi wace iri yake so. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa.

“Mai kuka,” ya ce.

Na ce me? Ya sake cewa, “Mai kuka, Maman yara.” Yana faɗa yana danna iska da tafin hannun damansa, sama da ƙasa. Na ɗauka rawar ciwo ce ta fara kama wancan hannun ma. Na kama hannun na kwantar masa a cinya, na ce na ji.

Mai shagon mutumin kudu ne, Hausarsa irin tamu ta Jalingo, mace da namiji duk “kai” ne a wurinsa. Ba zan ɗora masa laifi ba, domin bai ɓoye mini komai ba. Ya ba ni kujera, ya sauko da jita biyu daga bango. Ɗaya ja ce, a cikinta akwai wasu sirarun abubuwa guda uku a jere a ƙarƙashin tsirkiya. Ɗayar baƙa ce, nata biyu ne, masu kauri. Ya ce sunansu fikof, su ne kunnuwan jita, su ke jin tsirkiya su kai wa sifika. Sannan ya nuna mini ƙasa, wurin da tsirkiyoyin ke hawa su zauna, wanda masu goge ke ce wa jaki. Jakin baƙar a kafe yake daram. Na jar kuwa yana motsi, kuma akwai wani siririn ƙarfe lanƙwasasshe da ke reto a jikinsa. Na ce masa wannan jakin har da wutsiya. Ya yi dariya har ya kira maƙwabcinsa ya maimaita masa.

Ya jona jar a sifika. Tun bai taɓa ta ba sai na ji wani zuuu, kamar ƙudan zuma a cikin tulu.

“Ka ji, Mama? Wannan yana kuka,” ya ce. “Ko ba ka taɓa shi ba yana kuka. In an ta da janareto ma ya fi haka.”

Ya cire ta ya jona baƙar. Shiru. Ya ja tsirkiya, murya ta fito mai kauri, mai tsabta, ta cika shagon. Ya ce kunnuwa masu kaurin nan an yi su ne don su kashe kukan. Na gaya masa mai jitar ba shi da lafiya, hannu ɗaya ne mai ƙarfi. Ya ce to ai magana ta ƙare: mai wutsiya tana yawan sauka daga saiti, kullum sai an yi ta murɗa ta, amma mai kafaffen jaki in an saita ta sai ta kwana biyu ba ta motsa ba.

Na zauna ina kallonsu su biyun. Na san wadda aka aiko ni in saya, tunda ga mai kuka an nuna mini, na ji kukan da kunnena. Amma na ce a raina, ciwon nan ya taɓa masa tunani. Wa ke sa kuɗi ya sayi kuka? Gidan da ya yi shekara guda ana kuka a cikinsa, shi zan ƙara wa zuuu? Ban ce mai shagon ya taɓa mini wutsiyar nan in ji aikinta ba. Kallonta kawai na yi na ce abin da jikoki za su karya ne cikin kwana biyu. Na nuna baƙar, na ce a sa mini a jaka.

A Keke Napep na dawo, na rungume ta ban yarda an sa ta a baya ba. Maƙwabta suka fito suna yi mini barka, ina ta washe baki kamar wadda ta ci zaɓe. Na ajiye masa a cinya, na buɗe jakar da kaina. Bai dubi wuyanta ba, bai dubi kunnuwan ba. Hannun damansa ya tafi kai tsaye ƙasa, ya shafa jakin, ya zagaya gefensa, ya sake shafawa. Ni kuwa ina tsaye a kansa ina zuba bayani, yadda waccan take zuuu, yadda na hana a cuce mu, yadda wannan ba za ta wahalar da shi ba.

“Ke kika zaɓa?” ya ce.

Na ce ni da kaina.

“To. Ta yi.”

Kuma ya kaɗa ta. Kullum da hantsi ya kan zauna a gindin mangwaronmu ya yi ta bin waƙoƙin coci a hankali. Yatsun suna iya danna tsirkiya, abin da suka kasa da tsohuwar. Na riƙa gaya wa matan zumuntar coci cewa ni na warkar da shi. Waƙata ce kawai ba na ji. Ya kan faro ta, in saki abin da nake yi in kasa kunne, yana isowa wurin nan sai ya tsaya, ya koma wata.

Ranar bikin godiya aka kawo masa kujera gaban coci, tsakanin buhunan masara da doya. Ya kaɗa waƙa uku tare da mawaƙa, mutane suna share hawaye. Na yi ta jiran tawa har fasto ya sa albarka. Muka kama hanyar gida ina cika ina batsewa. Da muka shiga na ce masa abin da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Na ce na sha rana na shiga kasuwa, na sayo masa sabuwa fil, amma waƙa ɗaya tak da na roƙa ya hana ni a gaban mutane. Na ce in ya gaji da ni ne ya faɗa. Ya ɗaga hannun hagunsa ya dube shi, ya ce, “Hannu.” Na ce hannun da ya kaɗa uku ba zai kasa ta huɗu ba. 

Kafin damina ta zagayo ciwon ya sake bugunsa, wannan karon bai tashi ba.

Bayan an watse daga zaman makoki da 'yan makonni, abokinsa ya zo gaishe ni. Ya ga jitar a jingine, ya daɗe yana kallonta. Ni kuma da bakina na ce masa, ka ga abokinka ya tafi da bashin waƙata. Ya sunkuyar da kai, ya ce an hana shi faɗa, amma wanda ya hana shi ba ya nan, kuma ba zai bari in riƙe mamaci da laifin da ba nasa ba.

Ya ce wurin nan da nake so a waƙar, tura tsirkiya ake yi da ƙarfin yatsun hagu, kuma ƙarfin ya riga ya tafi, ba zai dawo ba. Amma jita mai wutsiya, in ka danna ƙarfen da hannun dama, jakin ne ke motsawa ya lanƙwasa sautin. Wato hannun da ya rage masa lafiya shi zai yi aikin wanda ya mutu. Sun daɗe suna shirya wannan su biyu. Tun suna samari, in sauti ya lanƙwashe haka, cewa suke jita tana kuka. Ya ce da ya dawo daga Lau ya ga baƙar, ya ce bari ya mayar a canzo a ɓoye, mai shagon ba zai ƙi ba. Maigidana ya riƙe wuyan jitar ya hana. Na ce me ya ce maka?

“Cewa ya yi, ‘Ta rungumo ta a keke, unguwa duk ta gani. Bar ta.’”

Washegari na koma kasuwa. Jar tana nan a bango ba a saye ta ba. Mai shagon ya gane ni, ya tambayi mai jiki, na gaya masa. Ya yi mini ta'aziyya. Na ce abu ɗaya na zo roƙo, ya jona mini jar, ya ja tsirkiya ɗaya, ya danna wutsiyar. Ya yi. Sautin ya hau, ya sauko yana rawa. Shi ne. Ko zuuu ɗin ban ji ba.

Na ce, wannan da ta yi yanzu, me kuke ce masa?

“Tiremolo, Mama.”

Na ce ba kuka ba? Ya ce a'a, kuka shi ne wancan ƙarar. Ya ga fuskata, ya kashe sifikar, ya aika aka kawo mini ruwa. Na zauna a kujerar nan ina kuka a tsakiyar kasuwa, masu wucewa suna tsammani kuɗina aka sace.

Na daɗe ina cewa Hausa ce ta cuce mu. Shi da yarensa, ni da nawa kusa da nasa, mai shago da nasa, duk mun haɗu a kalma ɗaya kowa da abin da yake nufi. Amma tsufa ya hana ni yi wa kaina ƙarya. Ko da kukan da na fahimta ne, ai shi aka aiko ni in sayo, na ƙi. Tun da bakinsa ya karkace na fara yanke masa hukunci a kan komai, abin da zai ci, inda zai zauna, wanda zai gani, ina kiran abin kulawa. Na manta cewa harshensa ne ya yi nauyi, ba hankalinsa ba. Mutumin da ke shan wuya kafin ya fitar da kalma biyu, ai kalma biyun nan ya auna su. In kuna da mai irin wannan ciwo a gida, ya faɗi abin da bai yi muku ma'ana ba, ku zauna ku sake tambaya. Ni minti biyar na kasa ba shi, ina sauri kada rana ta yi.

Baƙar jitar na ba coci. Wata malamar makaranta ce ke kaɗa ta yanzu, kuma tana sonta ƙwarai. Ta ce ba ta taɓa riƙe jitar da ke zama a saiti kamar wannan ba, ko an ta da janareto ba ta ƙara. Kusan kowace Lahadi in an tashi sai ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, “Mama, wanda ya zaɓi jitar nan ya san jita.” Matan zumunta su ce ai ga ta nan, ita ce da kanta. Ni kuma in ce na gode, in ɗauki sandarsa da nake dogarawa yanzu, in kama hanyar gida.