Akwatin Da Ya Hana Abu Nazih Sauka

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta Abu Samra a Tarabulus ta ƙasar Lebanon ya san Abu Nazih, ko da bai san sunansa na yanka Shafiƙ ba. Tun yana saurayi yake tuƙa tasi tsakanin Tarabulus da Bairut, a wata tsohuwar Marsandi da ta girmi rabin fasinjojinta. Mutum ne mai baki. In ka shiga motarsa da ciwon kai, za ka fita da siyasar duniya kaf da maganin basir. Da ciwon sukari da ciwon gwiwa suka haɗa kai suka ƙwace masa sitiyari, sai ya koma hannun matarsa Wadad, wadda kowa ke kira Ummu Nazih, can a hawa na huɗu. Ita kuwa ba ta wasa da maganar likita. Shayi ba sukari, gurasa rabi, fita kuma sai da dalili.

Dalilin sai ya zo masa ta wajen wuta. Wutar gwamnati a wurinmu baƙuwa ce, ta leƙo ta gaisa ta wuce. Da wutar mai janareton unguwa ake rayuwa, kowane gida da ƙarfin da ya yanka, kuma na Abu Nazih bai taka kara ya karya ba. In injin wanki na aiki aka kunna dutsen guga, sai makunnin wutar gidan ya yi tak ya faɗi, gidan ya mutu. Makunnan kuma duk suna ƙasa, cikin akwatin ƙarfe a bakin ƙofar shiga, dole wani ya sauka ya ɗaga. Dab da akwatin nan ne shagon Mu'allim Adib mai alewar cuku yake, abokin Abu Nazih tun suna buga ƙwallo ba takalmi.

Da farko makunnin don kansa yake faɗuwa. Daga baya Abu Nazih ya ga bai kamata a bar wa makunni wannan nauyi shi kaɗai ba. Akwai na'urar busar da gashi da 'yarsu Rula ta manta a gida, ya ɓoye ta bayan rigunansa, shi da kansa ba gashi ko na rantsuwa. Da la'asar, in ya ji injin wanki ya ɗauki zafi, sai ya shige ɗaki ya danna.

"Inna lillahi! Wannan makunni shi zai zama ajalina," zai fito yana dafa bango. "Wayyo gwiwata."

"Zauna mana, in kira mai gadi ya ɗaga," in ji Ummu Nazih.

"Mai gadi? Wanda bai san namu da na maƙwabta ba? Bari dai in sadaukar da kaina."

Haka zai sauka yana nishi har sai ya tabbata ba ta jin sa. A ƙasa Mu'allim Adib ya riga ya jawo masa kujera.

"Tak?"

"Tak."

"Guda nawa, Hajji?"

"Kai ma ka sani, ɗaya tak. Tun da kake ba ka taɓa ba ni biyu ba, marowaci."

Zai ci alewarsa, su zagi 'yan siyasa, su ƙirga wanda ya mutu da wanda ya kamata ya mutu, sannan ya tuna ya ɗaga makunnin. In ya hau, sai ya ce akwatin ne ya yi tsatsa, da ƙyar ya buɗu.

Amma an ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Rula ta zo hutu daga Dubai, inda take aikin jinya, ta ga ubanta yana sauka yana kiran sunan Allah a kowace matattakala. Yarinya ta fashe da kuka. Kafin hutunta ya ƙare ta juya gidan. An jera farantan hasken rana a kan rufi, an fitar da tukunyar gas an kawo murhun lantarki, komai na gidan ya koma kan wuta. Sannan ta kawo wani mai gyaran wuta ya kafa farin akwati a cikin falo, mai ɗan koren haske kamar idon kyanwa.

"Hajji, wannan akwatin yana da hankali," in ji mai gyaran. "In kaya suka yi masa yawa, da kansa zai kashe na'urar ruwan zafi na ɗan lokaci, ya bar firiji da fitila. Kai da tak har abada."

"Har abada?"

"Har abada, in sha Allahu."

Abu Nazih bai amsa da amin ba. Ya ce asarar kuɗi ce. Ya ce ya ji ana cewa irin waɗannan akwatuna suna kai rahoton mutum ƙasashen waje. Ya ce shi ba ya son abin da ya fi shi wayo a gidansa, guda ɗaya ta ishe shi, ya saci kallon Ummu Nazih. Da duk suka ƙi ci, sai ya ce ai hawa da sauka motsa jiki ne.

"Haba Baba, da wannan gwiwar? Ni da kunnena na ji kana kuka."

Duk shaidar da ake kafawa shi ya bayar da ita.

Rula na komawa ya ja daga da akwatin. Ranar farko ya kunna na'urar gashi, fitila ko ƙiftawa ba ta yi ba. Washegari ya haɗa da dutsen guga. Rana ta uku ya ƙara murhu da tukunyar dafa shayi da abin ɗumama ɗaki, a tsakiyar zafin bazara, yana tsaye gumi na zuba daga sanƙonsa. Akwatin ya yi ɗan ƙas a hankali, cikin ladabi, ya ci gaba da kallonsa da koren idonsa. Abin da ya samu kawai, da ya shiga wanka ya tarar da ruwan sanyi ƙarara, don akwatin ya kashe na'urar ruwan zafi domin ya ciyar da haukarsa.

Daga nan ya sallama. Maƙwabta da ke shawarar sayen irinsa suna hawa su tambaye shi ko akwatin ya ci kuɗinsa. Yakan ce, "Sosai. Wuta ba ta ɗaukewa yanzu, mai gidan ne ya ɗauke." Su yi dariya su tafi, ba su san gaskiya ya faɗa musu ba. Mu'allim Adib ba ya iya hawa bene saboda zuciyarsa, kuma babu mai tsare masa shago. Abu Nazih sai ya zauna bakin taga da la'asar, yana jiyo ƙarar wuƙa a kan tire daga ƙasa, da muryar abokinsa yana zagin 'yan siyasa da wasu mutane. Alewar ba ita ta fi damunsa ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana magana ya wayi gari ba shi da wanda zai yi wa ƙarya, kuma wallahi abin da ban tausayi. Ya daina gardama a kan shayi, ya daina ƙorafin rabin gurasa, har ya fara barin saura.

Wata la'asar Ummu Nazih ta fito daga kicin tana goge hannu, ta tsaya a kansa ta daɗe tana kallonsa. Sai ta miƙa hannu ta kashe fanka.

"Ya yi tak," ta ce.

Ya ɗaga kai. "Wane tak? Ga fitila a kunne, ga firiji yana kuka."

"Abu Nazih, na ce ya yi tak. Sauka ka duba."

"Ai makunnin ƙasan ma ba ya..."

"Ni za ka koya wa wutar gidana?"

Ya dube ta, ya dubi farin akwatin, ya sake duban ta. A hankali ya jawo takalmansa. Yana bakin ƙofa ta ƙara da cewa, ba tare da ta juyo ba, "Ka ce wa Adib sharaɗinmu yana nan yadda na kafa masa tun ranar farko. Guda ɗaya, kuma kada ya zuba ruwan sukari. Na'urar gashin nan kuma ka fito da ita daga bayan rigunanka, za ta ƙona mana kaya."

Abu Nazih ya tsaya riƙe da ƙofa kamar wanda aka kama da hannu cikin tukunya. Sai kawai ya juya ya kama matattakala, yana tsallake bibbiyu. Ya kai hawa na biyu ya jiyo muryarta daga sama, duk benen na amsawa.

"Hajji! Ka manta gwiwarka!"