Hajara da Allurar Wata Uku

Shekara shida ke nan da rasuwar Hajara, maƙwabciyata kuma aminiyata a Randagi. Na zo garin ne daga kudancin Kaduna a matsayin malamar firamare, ban san kowa ba. Ita ta fara aiko min da tuwo, ita ta nuna min rijiyar da ruwanta ba ya ƙafewa. Ni Kirista, ita Musulma, amma ranar Lahadi ita ke duba min tukunya har in dawo daga coci.

A haihuwarta ta biyar jini ya ɓalle mata, da kyar aka ceto ta a asibitin Birnin Gwari. Nas ta gaya wa mijinta, Malam Sale, cewa in ta sake ɗaukar ciki nan kusa, da wuya ta tashi. Bai yi gardama ba. Duk bayan wata uku yakan ɗora ta a babur ya kai ta a yi mata allurar tazarar haihuwa. Allurar ta wahalar da ita da farko, al'adarta ta rikice, har ta yi ƙiba. Dariya kawai take yi, ta ce, "Malama, ƙibar nan ta fi likkafani."

Sai daji ya lalace. 'Yan bindiga suka tsare hanya, ma'aikatan ƙaramin asibitinmu suka gudu. Lokacin allura ya zo ya wuce. Malam Sale ya gwada fita da ita, suka ji harbi, suka juyo. Wata rana tana surfe a tsakar gida ta ajiye taɓarya ta dube ni.

"Malama Rifkatu, ina jin ciki ya shiga."

Na dafe kai. Ita ta rarrashe ni, ta ce Allah na nan.

Naƙuda ta zo da damina. Jaririn bai zo da rai ba, jini kuma ya ƙi tsayawa. Aka ɗora ta a babur, ina riƙe da ita ta baya. Ba mu kai bakin titi ba jikinta ya saki a hannuna.

Yanzu ina jin likitoci a rediyo suna bayanin bincike kan sinadaran jikin mace masu tafiyar da al'ada da ɗaukar ciki. Akwai 'yar robar da ake sawa a damtse ta yi shekaru, akwai allurar da mace ke yi wa kanta a ɗaki. Nakan tambayi kaina me Hajara za ta ce. Ina jin za ta yi murna, sannan ta tambaya ko abin ya iso ƙauyukan bayan daji, ko a birni ya tsaya.

Bara babbar 'yarta, Zainabu, ta yi haihuwar fari, ta sha wuya. Bayan suna Malam Sale ya yi sallama a ƙofata. Ya tsufa sosai. Ya yi magana yana juya hularsa a hannu.

"Malama, na yi magana da mijinta kan tazarar haihuwa, ya yarda. Ni uba ne, ba zan iya faɗa mata ba. Ki raka ta asibiti, ki tsaya mata a madadin uwarta."

Na raka ta. Da nas ta miƙo hannu, Zainabu ta naɗe hannun rigarta ba tare da ta dube ni ba. Ni ce na fita waje na yi kuka.