Yatsan Mai-Jaka

A tasha ba wanda ya damu da sunansa na yanka, Mai-Jaka kowa ke kiransa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana jan bas ɗin haya, kuma duk takardar inshorar da ya taɓa sabuntawa tana cikin wata jakar fata a ƙarƙashin kujerarsa, sabuwa a sama, tsofaffi a ƙasa. Karatunsa bai taka kara ya karya ba, da launi da hatimi yake gane ta bana. Matarsa takan ce da a ce ana kula da ita kamar jakar nan, da har yanzu tana amarya.

Shi kuwa ko a jikinsa. In aka tsayar da shi a hanya, sai ya sauko a natse, ya kaɗe ƙurar jakar, ya miƙa takarda da hannu biyu. Bai taɓa roƙon jami'i ba, kuma da wannan yake alfahari.

Babban ɗansa, malamin makaranta, shi jakar ke ba wa kunya. Bara ya sa masa inshorar a waya, ya kwashe takardun ya kai gida.

"Baba, zamani ya wuce nan. Taɓawa ɗaya za ka yi ta fito."

"In wayar ta mutu fa?"

"Sai ka yi mata caji mana."

Da yake tsohon ba ya riƙe lambobi, sai ɗan ya kulle wayar da babban yatsansa na dama. Mai-Jaka ya yarda ne kawai don kada a ce ya raina ilimin ɗan da ya biya wa makaranta. Har ya bar duniya, in ya hango shingen jami'ai, hannunsa ƙarƙashin kujera yake fara zuwa.

Ya rasu wata Talata da hantsi, bayan kwana shida a asibiti. Ɗan ya ce ba motar da za ta kai mahaifinsa gida sai bas ɗin da ya saba ja. Aka cire kujerun baya, aka shimfiɗe shi, aka rufe da zane. Ɗan ya ja motar, uwarsa ta zauna a gaba.

Daf da gada wani jami'in hanya ya ɗaga hannu.

"Inshora."

"Ranka ya daɗe, gawa muka ɗauko. Mahaifina ne."

"Allah ya jiƙansa. Amma jiya ma haka aka ce min, na buɗe na ga buhuna. In babu, ofis za mu da motar."

Ɗan ya lalubo wayar a ledar kayan asibiti. Ta haska, ta nemi yatsa. Ya waiwaya ya dubi bayan motar. Yana iya roƙo, to amma a motar nan ba a taɓa roƙo ba, kuma shi ya kwashe takardun da hannunsa.

Ya zagaya ya buɗe ƙofar baya, ya durƙusa, ya ɗaga gefen zanen. Hannun ya yi sanyi, ga kantar sitiyari nan a tafin. Ya ɗora yatsan a kan gilashin a hankali, kamar mai tsoron tashinsa daga barci. Wayar ta girgiza ta ƙi. Ya goge yatsan da bakin rigarsa, ya sake. Ta ƙi.

Jami'in ya biyo shi, ya leƙa, ya cire hularsa.

"Malam, bari. Don Allah bari, ku tafi."

Ɗan bai ji shi ba, yana ta dannawa. Sai da uwar ta juyo daga gaba, murya a dashe.

"Sakar masa hannu haka nan, ɗan nan. Ya gaji."

Ya mayar da hannun ƙarƙashin zanen. A nan bakin titi kukan da ya danne tun safe ya ƙwace masa.