Yadda Aka Yi Na Zama Sannu-Sannu

Ranar wata Alhamis ce, a ƙarshen daminar shekarar da na cika sha huɗu, gero ya fara nuna, Inna ta aza mini ƙwaryar nono a ka ta ce in kai wa Malam Sani, malamin asibitin da aka turo Shagari daga Sakkwato. Daga ƙauyenmu, can gefen Dandin Mahe, tafiya ce mai ɗan nisa, sai bayan azahar na isa, ƙafafu duk taɓo. Tun daga ƙofar gida na ji kiɗan kokawa yana tashi, ga ihun jama'a kamar ranar kasuwa, amma ban ga makaɗi ko ɗaya ba, sai wani ɗan janareto yana ta tari a gindin dogon yaro. Na leƙa ta taga. Malam Sani da abokansa uku suna zaune a tabarma sun zuba wa talabijin ido, ga wani baƙin akwati a ƙarƙashinta, wanda daga baya na ji ana ce masa bidiyo. Kokawar Nijar suke kallo a kaset. Na manta da nono, na manta da sallama, na tsaya kamar an dasa ni.

Abin da na gani iri biyu ne. Akwai 'yan kokawa masu gaggawa, kafin ka ƙifta ido wani yana ƙasa, ba ka san me ya faru ba. Su kuwa da sun gama sai a nuno wasu ƙarti biyu masu natsuwa, waɗanda ke komai a hankali. Hannu ya tafi a hankali ya kama ƙugu, ƙafa ta tashi a hankali ta saƙalo ƙafa, mutum ya yi sama kamar auduga, har rairayin da ya faɗa a kai a hankali yake tashi. Hoton dishi-dishi yake, kowa baƙi ne mai ɗamara, ba ka bambance fuska. Nan take na yanke hukunci da wannan kan nawa da ya gudu daga boko a aji uku: masu saurin nan 'yan koyo ne, masu yi a hankali su ne gwanaye. Na ce ashe sirrin ke nan, kuma duk ƙauyenmu ni kaɗai na sani.

Daga ranar na zama yaron kirki wajen kai nono. Inna har yabona take yi wa maƙwabta. Duk Alhamis ina manne da tagar nan, in cika idona, in komo gida ina juya abin a kaina. A wajen kiwo nakan sami inuwar gawo in zauna, in rufe ido, in shiga fage. Ina jin ganga, ina jin rairayi a tafin ƙafata, ina ganin hannuna yana tafiya sannu a hankali zuwa ƙugun abokin karawa. Shi kuma, Allah ya saka masa da alheri, yana tsaye yana jirana. Ban taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya a cikin kaina. Shanu kam sun shiga waken mutane sau biyu ina tsakiyar kaye, na sha tsumagiya, amma ban daina ba. Ina jan guga a rijiya ina yi, ina ɗaurin dami ina yi, har a makarantar allo baki na karatu zuciya na taɗiye mutum.

Mai koya wa yaran ƙauyenmu kokawa shi ne Kawu Manu, wan Inna, tsohon ɗan kokawa mai karyayyen yatsa. Kullum bayan la'asar yakan tara su a rairayin bakin fadama, su yi ta kama juna har sai gumi ya wanke su. A cikinsu ba wanda ya kai ɗansa Bube, taubashina, sa'ana. Shekara biyu Bube yana shan faɗuwa a wurin nan yana tashi, gwiwoyinsa duk tabo, saboda abu ɗaya: idan an gama kaka yaran wajen Bodinga sukan zo karawa, kuma a sa'anninmu mutum ɗaya ake fitarwa. Kowa ya san wannan shekarar ta Bube ce. Ni kuwa ban cika zuwa fadama ba. In an tambaye ni sai in ce ina nawa shirin.

Saura kwana huɗu a yi wasa shaiɗan ya kai ni fadama. Na ce wa Bube ya tsaya in nuna masa wani abu, amma kada ya motsa. Bube mutum ne mai sanyin hali, ya tsaya. Na kama shi yadda na haddace, ina yi ina bayani, ga inda hannu ke zama, ga inda kafaɗa ke shiga, ga ƙafar da ake saƙalowa, na kwantar da shi a rairayi kamar jariri. Gaskiya abin ya yi kyau, don babu gaɓar da ban bi ta sau ɗari a kaina ba. Kawu ya taso yana kallona. Ya ce, "Kai Labbo, ina kas samo wanga kamu?" Na ce daga manyan Nijar, kuma irinsa bakwai gare ni. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai bakina ya ƙara da cewa kokawar da ake koyarwa a nan ta tsohon yayi ce. Kawu bai yi fushi ba. Ya ɗauka a hankali nake yi don yara su gane, ni kuma ban san akwai wani yi ba bayan wannan. Ya daɗe yana duban ɗansa, sannan ya ce ni za a fitar. Bube ya miƙe ya karkaɗe wandonsa.

Ranar wasa an share fage a bayan masussuka, mata sun hau kan turame, yara sun ɗare rassan itace. Wanda Bodinga suka fitar wani gajere ne, ko kafaɗata bai kai ba. Makaɗi ya saki ganga. Na ɗaure fuska irin ta gwanaye, na fara miƙa hannun dama a hankali, na ɗaga ƙafar hagu a hankali, ina jin har numfashina ya yi daidai da na kaset. Gajeren nan ya ja da baya ya dube ni, ya waiwaya wajen mutanensa, ya ce da ƙarfi, "Wanga lahiya shike?" Aka ce masa ya dai kama. Bai ma kama ba. Ƙafa ɗaya da na bari a ƙasa ita ya share, na ji bayana ya daki rairayi, sama ta juya. Dariyar da aka yi ranar har yanzu ban ji irinta ba. Wata tsohuwa sai da ta faɗo daga kan turmi. Makaɗi ya juya kiɗansa yana cewa sannu-sannu, sannu-sannu, yara suka amshe, sunan ya zauna. Yau ko jikokina ba kowa ya san Labbo ba.

Kawu ya jira har na miƙe, ya ce, "Ka gama? To mu tahi gida." Iyakar abin da ya taɓa faɗi a kan maganar ke nan har ya koma ga Allah. Wanda ya ratso jama'a ya kawo mini rigata kuwa Bube ne. Ya sa hannu ya karkaɗe mini rairayin baya, a gaban kowa. Da mari ya yi mini da na fi jin sauƙi.

Alhamis ta gaba na yi ƙarfin hali na tambayi Malam Sani me ya sa gwanayen kaset ba su gaggawa. Ya dube ni, ya dubi talabijin, ya riƙe ciki don dariya. Da ya samu numfashi ya ce, "Kai yaro, ai kaye guda na. Maimaita shi anka yi, anka rage mai gudu don a gani da kyau." Na ɗauki ƙwaryata na fita, ban sake leƙa tagar nan ba.

Shekarar da ta biyo, saniya ta take Bube a gwiwa wajen shayarwa. Ya warke, amma da ɗingishi, kuma bai taɓa shiga fage ba. Damarsa guda ɗaya ce a duniya, ni na karɓe ta da baki, na zubar da ita kafin ganga ta yi zafi.

Yanzu samarin ƙauyenmu kowa da wayarsa. Suna kokawa wani na ɗaukar su bidiyo, su zauna su kalli kuskurensu, su rage gudun hoto da yatsa su maido shi, kowa ya san dabara ce. Malamin wasanni na makarantar gari ma yakan sa su rufe ido su bi karawar a zuci kafin su kama, amma yana ce musu su bar abokin karawa ya motsa, kuma daga nan fadama ake wucewa. Ashe hanyar ba ta da laifi, mai bin ta ne ya hau ta a karkace. Bara muna zaune da Bube a kan dakali muna kallonsu, na tattara abin da ya rage mini na ƙarfin hali na ce ya yafe mini wurinsa da na ƙwace. Ya murza gwiwar nan, ya ce, "Shekara arba'in, taubashi? Ashe har ban haƙurin ma sannu-sannu yat taho." Muka yi dariya har da hawaye, nawa dai ban tabbata na dariya ba ne. Faɗuwata ba wanda ya ɗauke ta a hoto, wannan kam na gode wa Allah. Kayen Bube da ba a taɓa yi ba, shi na so a ce akwai inda zan kalla.