Makullin Tagulla a Tankin Dakta Rukayya

Malam Ashiru mai famfo bai taɓa yarda da abu don kawai an faɗa masa ba. Sai ya taɓa, ya ƙwanƙwasa, in ta kama ya sa haƙori. Daga Kibiya ya shigo Kano yana saurayi, ya fara da ɗaukar bulo a wajen gini, har wani Bayerabe mai haɗa bututu ya lura da hannunsa ya ja shi a jiki. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, kuma da wuya ka sami layi a Gyaɗi-Gyaɗi ko Unguwar Gano da bai taɓa durƙusawa a banɗakin wani gida ba. Matarsa, Inna Kulu, takan ce ko ruwan randa ta miƙa masa sai ya leƙa gindin moɗar.

Abin da ya fi tsana a sana'arsa shi ne makullin ruwa na roba, wanda ake murɗawa a tsayar da ruwa a bututu. A wurinsa na roba kayan ha'inci ne. Na tagulla yake sa wa kowa, mai nauyi, wanda jika zai gada.

Bara waccan aka kira shi wani gida a Tarauni. Mai gidan, Dakta Rukayya, likitar yara ce a asibitin koyarwa. Ta yi shekaru tana aiki a Jidda, a can ta kamu da son kifayen teku. Ya tarar da wani ƙaton tankin gilashi a tsakiyar falo a kan kabad, da wani ƙarami a cikin kabad ɗin, ga buhunan gishiri uku a jingine da bango.

"Hajiya, daddawa za a yi ne?" ya tambaya.

Ta yi dariya. "Teku za mu haɗa, Baba."

Ta yi masa bayani a kan takarda. Ruwa zai gangaro ta ramin da ke gindin babban tanki, ya faɗa ƙaramin a tace shi, inji ya sake tura shi sama. Malam Ashiru ya sa yatsa a ramin ya juya. Duk rayuwarsa toshe rami yake yi a tanki, yau ga wanda aka huda da gangan. Ya zazzage kwalin kayan haɗi da aka aiko daga Legas: roba, roba, roba. Ya ɗaga makullin ya auna shi a tafin hannu, ko nauyin ƙwai bai kai ba.

"Wanda ya sayar miki da wannan, kin san gidansu?"

"Baba, haka ake yi. Abu ɗaya na roƙe ka, kada ƙarfe ya taɓa ruwan nan."

Ta ɗauki jakarta ta tafi aiki. Shi kuwa ya fassara maganar da hankalinsa: tsatsa take gudu. To ai tagulla ba ta tsatsa. Mutanen Legas sun ga mace mai kuɗi sun cusa mata tarkace, kuma in robar ta tsage falo ya cika da ruwa, sunan wa za a kira? Ya zaro makullin tagulla daga jakarsa, ya ɗaura shi can bayan injin inda ido ba ya kaiwa. Bai faɗa mata ba, don a ganinsa alheri ba a yi masa shela.

Akwai wadda ta tsaya masa a ka duk yinin, Uwani, dattijuwar da ke yi wa Dakta aikin gida tun da mijin ita Uwani ya rasu. Ita ma ba ta yarda da tankin ba.

"Malam, tsakaninka da Allah, ka taɓa jin dutse mai rai? Wai shi za a zuba. Ni dai ba zan share falon nan ba sai da Ayatul Kursiyyu."

"Ke da kike tsoron fanka ma, ina ga teku?"

"Allah ya shirye ka, tsoho mai gam a gemu."

Aiki ya yi kyau, ko ɗigo babu. Bayan wata guda aka zuba duwatsun, da murjanin teku mai rai, mai motsi kamar ciyawa a iska, da jatan lande jajaye, da kifaye huɗu.

Ana cikin wata na uku Dakta ta kira shi, wai ya zo ya duba ko injin ne. Jatan landen sun mutu ɗaya bayan ɗaya, murjanin ya tsuke ya yi fari. Yana shiga ya ga jakar Uwani a ɗaure a bakin kicin, ita kuma tana zaune a kan tabarma, idanu sun yi ja.

"Na auna gishirin, na auna zafin ruwan, komai daidai," in ji Dakta da murya ƙasa-ƙasa. "Na hana fesa maganin sauro a falon nan, amma ban ga abin da zai kashe su ba in ba shi aka fesa ba. Ita kuma tun ranar farko take kiran abin gidan aljanu. Ban ce da gangan ta yi ba, Baba. Amma ba zan zauna da wadda nake zargi ba. Gobe za ta koma Gaya."

Malam Ashiru ya san abin da ke jiran Uwani a Gaya: ɗakin da ya rushe da 'ya'yan miji da ba sa gaishe ta. Shi ma ya kalli Uwani da wutsiyar ido, don ya ji irin maganganunta. Ya buɗe kabad, ya haska fitilar waya. Injin lafiya lau. Ya miƙa hannu baya ya shafo makullinsa, sai yatsunsa suka fito kore shar, kamar ya murza ganyen lalle.

Ya daɗe a durƙushe. In ya rufe maganar ya ce injin ne, ya sauya makullin a ɓoye, ba mai sani har abada.

"Hajiya," ya ce, kansa na cikin kabad, "ita tagulla, tana cikin ƙarafan da kika ce?"

Dakta ta matso kusa da kabad ɗin.

"Ita ce ta farko. Guba ce ga jatan lande da murjani. Me ya sa ka tambaya?"

Ya fito da hannun ya nuna mata. Ya faɗi abin da ya yi da dalilinsa, bai rage komai ba. Dakta Rukayya ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi tankin, ta dube shi, sannan ta juya ta tsuguna a gaban Uwani.

"Inna, ki yafe mini."

Uwani ta fyace hanci da bakin zane. "Na yafe miki, 'yar nan. Shi kuwa wannan sai na yi shawara."

A ranar ya yanke makullin ya sa na robar. Dole aka zubar da ruwan duka, aka fitar da duwatsun da suka riga suka sha gubar. Sabon haɗin kuwa wani aka kira ya yi, kuma gidaje biyu na likitoci a layin suka daina nemansa. Inna Kulu ta ce kwana uku bai gama tuwonsa ba.

Uwani tana nan a gidan har yau. Ita ke ba kifayen abinci da safe, tana yi musu faɗa in sun yi wawaso.