Ranar da Kaka ya fita duba makaranta

Har yau in na ji ƙarar ƙofar gidanmu sai na tashi na leƙa ɗakin Kaka.

Kakana malamin duba makarantu ne a zamanin Turawa, ƙarƙashin En'e. A keke yake bin ƙauyuka, ya buɗe rajista, ya duba farcen yara da haƙoransu, ya rubuta wa Baturen ilimi rahoto. Da tsufa ya kama shi, babana da ke koyarwa a jami'a ya ɗauko shi zuwa Wangsa Maju, wata unguwa a ƙasar 'yan Malay, inda muke zaune a bene hawa na tara. Ni da na gama sakandare nake zaune, ni aka bar wa shi. Ya manta sunana, ya manta kakata ta rasu, aikin nan kaɗai ya rage masa. Baba kuwa ya ce duk ranar da Kaka ya fita shi kaɗai, kwaɗo zai sa wa ɗakinsa.

Kullum da safe sai na tsaya ƙyam na miƙa masa hannuwana.

"Amarya, wannan farcen na tonon rogo ne?"

"Ango, kai da ba ka da haƙori ko ɗaya, na wa za ka duba?"

Ran Laraba na gaji. Ga wanki, ga kunun da ya tofar. Na ce, "Yau babu makaranta, Kaka." Na sauka sayo burodi, ban murɗa mukulli ba.

Na dawo, babu shi babu sandarsa. Na bi matattakala, na leƙa masallaci, na je tashar jirgin ƙasa, ina kuka ina hango shi ƙarƙashin mota. Mai shagon da ke ƙasan benenmu ne ya nuna min firamaren da ke tsallaken babban titi.

A farfajiya na same shi. Yaran Malay sun yi layi cikin fararen riguna, yana juya hannuwansu ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa da Hausa. Shugabar makarantar tana biye da shi, hannu a baya. Ta raɗa min da Turanci cewa ta bar shi ne saboda furfurarsa, amma in ya sake shigowa dole ta kira 'yan sanda.

A hanya ya ce, "Makarantar da tsabta, sai dai hedimasta bai fito ba. Zan rubuta."

Da yamma Baba ya dawo, yana cire takalmi ya ce, "Lafiya kuka wuni?"

Na kalli ƙofar ɗakin Kaka. Na ce, "Lafiya lau, Baba."

Yau kwana goma sha ɗaya ban faɗa ba. Ko shara ban ƙara sauka zubarwa ba.